Yadda Cefane Ya Dawo Hannuna

Zan faɗi abin yadda ya zo, ɗaya bayan ɗaya, don ban iya fara labari daga tsakiya ba.

A shekarun da ake bin layi kafin a samu sabulu da madara da sukari, muna zaune a Unguwar Dosa, a gidan haya mai ɗaki biyu da falo, ni da maigidana da 'ya'yanmu huɗu. Malam nake ce masa, haka kuma zan kira shi a nan. Akawu ne a wata ma'aikata ta gwamnatin jiha, a ofishin da ake ajiye fayil-fayil. Ni iyakar karatuna firamare ce da shekara ɗaya ta koyon buga tafireta. Na yi aiki kaɗan, da na haifi na biyu na ajiye.

Tun ranar da aka kawo ni gidansa cefane nasa ne. Duk Asabar, in ya karya kumallo, sai ya ɗaure jaka a bayan babur ya tafi kasuwa. Ba ya rubuta komai. Zai leƙa kicin sau ɗaya, ya buɗe buhu, ya ɗaga galan ɗin manja ya ji nauyinsa, shi ke nan ya san abin da ya ƙare. A kasuwar ma da tsari yake tafiya: hatsi, sai mai, sai kayan miya, nama a ƙarshe don kada ya daɗe a rana. Mutum ne da zai zaga rumfa uku kafin ya taya kashin albasa. Ban taɓa ganin ya shigo da abin da ba a bukata ba. In mata suna kukan mazansu sun manto gishiri, ni shiru nake yi, ina jin daɗi a raina.

A layinmu cefane ba ƙaramin abu ba ne. Namijin da aka daina ganinsa da jakar kasuwa, aka koma ganin matarsa, magana biyu ake yi a kansa: ko ya kasa riƙe gida, ko mace ta fi ƙarfinsa. Malam ya san haka, ni ma na sani.

Da damina abin ya faru, wata Litinin da safe. Yana hanyar ofis, wajen Kawo, tayar gaba ta faɗa ramin da ruwa ya rufe, babur ya jefa shi, goshinsa ya bugi bakin kwalbati. Hular kwanonsa tana rataye a hannun babur, don ya ce zafi take sa masa. Kwana biyu bai san wanda ke kansa ba. A na uku ya buɗe ido, ya tambaya ko an kai babur gida. Aka yi masa ɗinki, aka ɗauki hoton kai, aka ce ƙashi ya tsage amma zai haɗe. Bayan mako uku aka sallame mu. Bayan wata biyu ya koma aiki. Kowa ya ce mun auna arziki. Na yarda, na toya waina na yi sadaka.

Asabar ta farko da ya koma kasuwa ya dawo da komai daidai, da ƙarin filas ɗin shayi. Muna da filas. Na ce a raina murnar samun lafiya ce. Asabar ta biyu ya shigo da wani filas ɗin, da takalmin jariri, alhali autarmu tana aji biyu a firamare. Ta uku ya kawo tarkon ɓera guda biyar da tantabaru biyu a keji. Babu nama, babu manja.

Na ce, "Malam, ina naman?"

"Kuɗin ne suka ƙare."

"A kan me?"

Ya nuna tantabarun da haɓa. "Na taya, ya sallama."

A nan matsalar take. Mutumin kirki in ya taya kaya, mai kaya ya ce ya sallama, magana ta ƙare, ba a janyewa. Malam bai taɓa janye tayinsa ba, shi ya sa a da ba ya buɗe baki ya taya sai ya gama shawara da kansa. Yanzu shawarar ta tafi, ta bar shi da cika magana.

A lokacin ban fahimci haka ba. Lalacewa na ɗauka, irin wadda ke samun wasu maza in sun leƙa lahira sun dawo, su ce duniyar nawa take. Na bi matakan da na sani. Da farko na yi masa magana a hankali bayan yara sun tafi Islamiyya. Ya saurara, ya ce gaskiyata ce. Da hakan bai yi ba, na fito da tsohuwar tafiretata daga ƙarƙashin gado, na buga masa takardar cefane da lamba, daga ɗaya zuwa goma sha huɗu, bisa tsarin da yake bi a kasuwa, a ƙasa na rubuta da jan biro cewa kada a ƙara komai. Ya karanta sau ɗaya ya haddace, ya maimaita mini tsaf. Ya dawo da takardar a aljihu, ya yi wa tara alama, sauran biyar babu, ga agogon bango a hammata.

Mataki na uku shi ne wanda nake jin kunyarsa. Na shimfiɗa tabarma a falo, na jera duk abin da ya saya tun bayan haɗarin, sahu-sahu, filas da filas, tarko da tarko, na bar su har ya dawo daga ofis. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Lallai an yi ɓarna."

Haka ya faɗa, kamar yana maganar gidan wani. Bai yi fushi ba, bai ji kunya ba. Ya tsallake tabarmar ya shiga ya yi alwala. Na kwana biyu ban yi masa magana ba sai gaisuwa.

Abincinmu ya canza. Miyar kuka ba nama, wata rana ba mai. Babbar 'yarmu, wadda take aji uku a sakandare, ta leƙa tukunya wata Asabar ta ce, "Mama, yau ma filas za mu ci?" Ƙannenta suka tuntsire da dariya. Na ce wanda ya sake yi wa ubansa ba'a a gidan nan zai kwana da yunwa ta gaske. Amma na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, don tambayar da ta yi ita ce a raina.

Malam yana da wa, wanda duk muke kira Yaya. A Unguwar Shanu yake zaune, yana sayar da hatsi a kasuwar da Malam ke zuwa. Da na aika masa ya zo da yamma, ya kalli kayan, ya girgiza kai.

"Ai ina gani da idona," ya ce. "Yanzu 'yan koli sun gane shi. Da ya ɓullo sai ki ji, Malam zo ka gani, ba sai ka saya ba, riƙe kawai ka ji nauyinsa. Da ya riƙe kuma an gama. Wannan ba yin kansa ba ne. Hannu aka sa masa, daga ofis ne, kujerarsa ake so."

"Yaya, wa zai yi wa mutum sammu a kan kujerar ajiye fayil?"

"Ke ba ki san mutane ba. A kan tabarma ma an yi."

Ya kawo rubutu, Malam ya sha kwana bakwai ba gardama. Ban hana ba, addu'a ba ta ɓata komai. Asabar ta zagayo, ya shigo da kwanukan sha dozin guda.

Ranar da aka ba shi ya koma asibiti ta zo, na ce zan bi shi. Likitan da muka gani ba wanda ya yi masa ɗinki ba ne. Wani dattijo ne mai furfura da ke zuwa daga Zariya lokaci-lokaci don duba waɗanda suka bugu a ka. Ya duba tabon, ya haska idon Malam, ya ce ya taɓa hancinsa, ya taka a layi. Duk ya yi. Da ya ce ko akwai wata damuwa, Malam ya ce babu. Ni na ce akwai, na zayyana masa tun daga filas na farko.

Likitan bai yi dariya ba. Ya juya ya ce, "Malam, mutum yana da kuɗin nama kawai, ya ga agogo mai kyau, me ya kamata ya yi?"

"Ya sayi nama. Agogo ba ya shiga tukunya."

"Madalla."

Suna cikin hira sai likitan ya cire tabaransa ya ajiye a kan tebur, ya ɗan tura shi gaban Malam, bai ce komai ba, ya ci gaba da tambayarsa labarin ofis. Ina kallo hannun Malam ya tafi a hankali, ya ɗauki tabaran, ya buɗe, ya maƙala a fuskarsa, yana ba da amsa kamar ba abin da ya faru. Malam da ko cokalin wani ba ya taɓawa sai ya nemi izini. Sai likitan ya katse hirar.

"Malam, tabaran wa ke fuskarka?"

Ya shafa. "Naka ne, likita."

"Na ce ka sa?"

"A'a. Gani na yi yana nan."

Likitan ya jawo takarda ya zana kan mutum ta gefe, ya yi da'ira a bayan goshi. Ya ce ƙwaƙwalwa sashe-sashe ce, kowane da aikinsa. Akwai mai gani, akwai mai tunawa, akwai wanda in ido ya ga abu yake cewa ina so. Wannan na bayan goshi kuma aikinsa ya ce dakata, ya tuna wa mutum gobe, ya tuna masa yara da tukunya. Shi ne birki. A nan Malam ya bugu.

"Hankalinsa yana nan, Hajiya, iliminsa yana nan. Ya san daidai, kin ji da kunnenki. Amma in kaya suna gabansa, kafin sanin ya iso, hannu da baki sun riga sun tafi."

Ya tambaye ni ko muna da yara. Na ce huɗu. Ya ce to na san abin, ban dai san sunansa ba. Wannan sashe shi ne na ƙarshen nuna a kan ɗan Adam. Yaro zai iya haddace littafi tun yana ƙarami, amma birkin ba ya gama ƙwari sai mutum ya zama saurayi sosai, wasu har sun yi gemu. Shi ya sa za ka aiki yaro mai wayo sayen gishiri ya dawo da alewa, ka tambaye shi ya ce shi ma bai san yadda aka yi ba. Ya ce 'yan kasuwa ba su shiga ajin likita ba amma sun san wannan sarai: mai tebur yana jera alewa daidai idon yaro, mai koli yana sa maka kaya a hannu kafin ya faɗi kuɗi, wani ya ce maka saura ɗaya, kuma yanzu wani ya taya. Duk dabarar ita ce a riga birkinka. Mai lafiya ma suna kayar da shi wani lokaci, balle wanda nasa ya samu rauni.

Malam yana gyaɗa kai yana cewa, "Gaskiya ne, likita," har yanzu da tabaran a fuskarsa.

Na ce, "To a rubuta mana magani."

"Ba ni da ƙwayar da ke gyara wannan. Wasu sukan samu sauƙi da lokaci, wasu haka suke zama. Ba zan yi miki alkawari ba."

Ya ce Malam ya je a gwada masa jini a ɗakin gaba. Da ya fita, likitan ya ce mini hanya biyu ya sani. Ko in riƙa binsa kasuwa kuɗin suna hannuna, ko a ɗauke masa kasuwar gaba ɗaya, ya riƙa yanke shawara a gida inda babu kaya a gabansa, wani ya je ya sayo. Ya ƙara da cewa, "Duk wadda kuka zaɓa, ku zauna da shi ku gaya masa. Ba yaro ba ne. Zai gane."

A mota muna dawowa na auna hanyoyin biyu. In bi shi a baya ina ɓalle bakin zane ina biya, duk kasuwa tana kallo, wannan tsiraici ne. In karɓi jakar, layinmu gaba ɗaya zai sani kafin azahar. Mutumin da ya rasa abin da ya rasa, na ga bai kamata in ƙwace masa abu ɗaya da ya rage ana ganin girmansa da shi ba. Na ce dole akwai hanya ta uku. Maganar likita ta ƙarshe kuwa na ajiye ta gefe. Na saba in na tsara abu in aiwatar, ba in tsaya shawara ba.

Na kira Yaya na gaya masa abin da na tsara. Masu kayan abinci su sayar wa Malam yadda suka saba. 'Yan koli da masu kwanuka da sauran tarkace kuma, Yaya ya bi su rumfa-rumfa ya roƙe su kada su sayar masa.

Yaya ya ce, "Ba wanda zai dubi dattijo kamarsa ya ce ba zan sayar maka ba. Ba a yi."

"Ba sai sun faɗi haka ba. Duk abin da ya taya su ce albarka."

Yaya ya yi murmushi. Albarka ba ta ɓata wa kowa rai. Ita ce yadda mai kaya ke cewa tayinka bai kai ba, ba tare da an ji kunya ba. Kullum ana faɗa wa kowa. Mutum in an ce masa albarka sau biyu, sau uku, sai ya ajiye kaya ya yi gaba. Yaya ya shekara talatin a kasuwa, bai taɓa ganin wanda bai yi haka ba. Ya ce, "Kin fi mu kai, wallahi." Ya bi su a cikin mako. Yawancinsu sun ji nauyinsa suka amsa, wasu har da cewa dama abin yana damunsu.

Ran Asabar Malam ya ɗaure jaka ya tafi. Na kasa zama. Na ce wa babbar ta kula da ƙannenta, na yafa mayafi na hau mota. Ban taɓa bin sa ba sai ranar. Na tsaya a rumfar wata mai daddawa, ina juya ƙulli kamar mai saye, daga nan ina hango layin 'yan koli.

Ya sayi hatsi, ya sayi mai. Ya biyo ta layin zai wuce wajen kayan miya. Ba wanda ya kira shi. Har na fara sakin numfashi, sai ya tsaya da kansa a gaban wani Basakkwace mai sayar da laima. Ya ɗauki wata ƙarama ta yara, ja da rawaya, ya buɗe, ya rufe. Damina ta wuce a lokacin.

"Naira biyu," ya ce.

"Albarka, Malam."

"Uku."

"Albarka."

"Huɗu."

Laimar ba ta wuce haka ba. Mai kayan ya kalli maƙwabcinsa, ya ce albarka a hankali. A nan ya kamata Malam ya ajiye ya tafi. Bai ajiye ba. Ya ce shida. Ya ce takwas. Ya ce goma. Duk albarkar da aka faɗa, sai ta zama kamar an tura shi gaba. Sai a lokacin na gane abin da muka yi, ni da Yaya. Mun gina dabararmu a kan mutumin da ke iya ajiye kaya ya tafi, alhali wannan ne ainihin abin da ya rasa.

Mutane suka fara tsayawa. Wani mai tura baro ya ce, "Sallama masa mana, ko ta gadon kakanka ce?" Wani ya ce, "Malam, zo ni in ba ka tawa da rumfar duka." Ana dariya. Malam bai kalli kowa ba. Gumi yana bin tabon goshinsa, yana riƙe da laimar da hannu biyu, muryarsa ba ta tashi ba, lamba kawai yake ƙarawa. Da ya kai ashirin, wanda ya fi abin da ya rage a aljihunsa, mai laimar ya miƙe tsaye, fuskarsa kamar zai yi kuka.

"Malam, don girman Allah ka aje. Mi kaka so in yi? Ba ni na ƙi ba. Daga gidanka anka aiko, anka ce kowa ya ce maka albarka. Duk layin ga an gaya muna."

Dariyar ta tsaya, sai ƙus-ƙus. Na ji wata mata kusa da ni tana cewa, "Matar ce ta aiko." Mai daddawa ta ce, "Allah ya kyauta," ba ta san da wa take magana ba.

Malam ya juya ya dubi layin daga wannan kai zuwa wancan. Kowane mai rumfa ya sami abin yi da hannunsa. Sannan ya rufe laimar, ya ɗaure maɓallinta, ya ajiye ta daidai inda ya ɗauka. Tun bayan haɗarin wannan ne karo na farko da na ga ya ajiye abu. Ya ɗauki jakarsa ya bi hanyar fita, bai je wajen kayan miya ba. Yaya ya taso daga rumfarsa yana kiransa, bai waiga ba.

Ya riga ni isa gida. Na tarar da shi zaune a falo, jakar tana gabansa, bai cire hula ba. Ya kalli mayafina da ƙurar ƙafata.

"Kina can?"

"Ina can."

Ya gyaɗa kai. Na tura yara gidan maƙwabta, na zauna a ƙasa nesa da shi kaɗan. Na shirya maganata tun a mota, dalili na ɗaya, na biyu, na uku. Ban samu faɗin ko ɗaya ba.

"Da kin gaya mini," ya ce.

"Malam, sau nawa na gaya maka?"

"Kin gaya mini kada in saya. Ba ki gaya mini kin gaya wa kasuwa ba."

Ya ci gaba.

"Kina tsammanin ban sani ba? Na sani. In ina tsaye gaban kaya ina jin muryarki, ina ganin takardarki da jan biron. Amma kamar daga wani ɗaki kike magana, ƙofa a rufe. Sai na baro wurin ƙofar ke buɗewa." Ya shafa goshinsa. "Da kin ce mini, Malam, ba ka iyawa, kawo jakar, da mu biyu muka sani, da Allah. Yanzu har mai baro."

Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, da irin muryar da yake cewa an kira salla. Na miƙe na ɗora tukunya. Ranar ma ba mu ci nama ba.

Yaya ya zo washegari, suka zauna a waje su biyu, ban ji abin da suka ce ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin kicin ya ce, "Mun so gyara." Na ce haka ne.

Cikin makon Malam bai ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ran Juma'a bayan la'asar ya kira ni falo ya ce in kawo takarda da biro. Ya faɗi abin da za a saya, daga hatsi har nama, da mudu nawa, da rumfar da za a je da wadda za a kauce wa, da mahaucin da ke cusa ƙashi a ƙasan nama. Bai manta komai ba, bai ƙara komai ba. A zaune a falo, babu kaya a gabansa, shi ne Malam ɗin da na sani. Da ya gama ya ce, "Gobe ki tafi da wuri, kafin rana ta taɓa tumatir."

Haka cefane ya dawo hannuna, kuma bai sake fita ba. Gida ya daidaita. Nama ya dawo miya, yara suka daina leƙen tukunya. Tantabarun suka hayayyafa, filas-filas ɗin na riƙa bayarwa gudummawar biki ɗaya-ɗaya. Albashinsa in ya karɓa Yaya yake biyawa ya rako shi gida, da yardarsa. Mun koma wurin likitan sau biyu, ya ce ana samun ci gaba kaɗan, ya yaba da tsarin da muka yi. Ban gaya masa ta inda muka bi muka iso ba.

A kasuwa an karɓe ni da ladabin da ya yi yawa. "Hajiya, ya jikin Malam?" in ji kowa, alhali Malam yana zuwa ofis kullum da ƙafarsa. Mai laimar in ya hango ni sai ya sunkuya yana gyara kaya. Ban taɓa bi ta layinsu ba.

Akwai wani maƙwabcinmu, malamin makaranta, da ke fita kasuwa da kekensa duk Asabar. Asabar ɗin farko da zan tafi, Malam ya yi wanka, ya sa kaftani da hula, ya fitar da kujera ƙofar gida ya zauna da rediyonsa. Na ɗauko jaka na zo zaure zan fita, sai na ji ƙarar keke ta tsaya.

"Malam, barka da hutawa. Yau ba kasuwa?"

Na tsaya a bayan ƙofa, jakar a hannuna. Na san malamin makarantar ya ji labari, duk layin sun ji.

"Na aika," in ji Malam.

"To madalla. A huta lafiya."

Na jira har ƙarar keken ta ɓace, sannan na fito. Malam bai ɗago ba, yana murɗa rediyo yana neman tasha. Kowace Asabar bayan wannan sai malamin makarantar ya tsaya ya yi tambayar, Malam ya ba shi amsar, ni kuma ina zaure ina jira su gama. Shekara shida muna haka, har aka yi wa malamin canjin wurin aiki ya tashi daga unguwar.